Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Noman rani sana'a ce ta ɗaga ruwa. Manomin damina yakan dubi sama ya jira abin da hadari zai kawo masa, amma manomin rani ƙasa yake duba, domin ruwan da zai rayar da shukarsa yana ƙarƙashin ƙafarsa, kuma ba zai fito ba sai an san dabarar fito da shi. A zamanin da, jigo da guga ne suke wannan aiki a fadamun ƙasar Katsina, mutum ya wuni yana sunkuyawa yana miƙewa kafin ya shayar da fangali ashirin. A shekarar 1983 aka kammala madatsar ruwa ta Zobe a kan kogin Karaɗuwa, cikin ƙasar Dutsin-Ma, sannan a farkon shekarun 1990 shirin bunƙasa noman fadama, wanda gwamnatin tarayya ta gudanar da tallafin Bankin Duniya, ya yaɗa ƙananan injunan ban-ruwa a ƙauyukan Arewa. Aikin da yake cin wuni guda ya koma na awa biyu.

Sai dai sauƙin da inji ya kawo ya zo da nasa sharaɗi. Wanda jigonsa ya karye yana ganin inda ya karye, sai ya sari wani icce ya musanya. Inji kuwa rufaffen abu ne. Idan ya tsaya ba ya faɗin abin da ya tsayar da shi, kuma alama ɗaya takan iya fitowa daga dalilai mabambanta. Saboda haka duk wanda abincinsa ya rataya a wuyan inji yana bukatar ilimin bin sawun matsala daki-daki har a kai ga tushenta. Abin da ya sami wani dattijo a garin Tamawa, a yankin Dutsin-Ma da Kurfi, cikin bazarar 2024, ya isa ya nuna amfanin wannan ilimi da kuma hasarar da rashinsa ke jawowa.

Lambun Bayan Gida

Dattijon tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma ne. Da ya ajiye aiki, burinsa shi ne ya koma gonar da ya gada, amma gonar tana da nisa da gari, kuma rashin tsaron da ya addabi wannan sashe na Jihar Katsina ya sa fita daji da sassafe ta zama kasada. Don haka ya juya ga wani fili da ke bayan gidansa, inda akwai tsohuwar rijiya da ba ta ƙafewa. Ya kewaye shi da darni, ya dasa tumatir da tattasai da albasa, da ɗan latas. Da farko injin fetur yake amfani da shi. To, a ranar 29 ga Mayu, 2023, aka sanar da janye tallafin man fetur, cikin 'yan kwanaki litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 500, har dattijon ya fara tunanin barin lambun.

Babban ɗansa da ke aiki a Kano ne ya kawo mafita. Ya sayo farantan sola da batir da inbata, aka kafa su a cikin gida. Aka sayi famfo mai aiki da lantarki, mai ƙarfin doki ɗaya, aka ɗora shi a bakin rijiya, aka jawo masa waya daga zaure, tazarar kusan mita 100. Wata biyar injin yana aiki lafiya lau. Ganin haka ya sa dattijon ya faɗaɗa lambun, ya karɓi taki da iri bashi a hannun wani ɗan kasuwa, da alkawarin zai biya idan tumatir ya nuna. A cikin wannan tumatir ɗin kuma ya ƙiyasta kuɗin rajistar 'yarsa, wadda take karatu a Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma.

Da watan Maris ya kama, zafi ya sauka, sai injin ya fara wasu halaye. Yakan yi aiki kamar rabin awa ya ɗauke da kansa, idan aka bar shi ya huce sai ya sake tashi. Ruwan da ke fita daga tiyo ya rage ƙarfi, wani lokaci yana fitowa da tari da kumfa. Dattijon ya lura da duk wannan, amma tun da ruwa yana zuwa, bai ɗauki abin da zafi ba. Wata safiya ya danna makunni, injin ya yi wani gurnani kamar zuma a cikin amya, bai juya ba. Ya kashe ya sake kunnawa har sau huɗu, gurnanin dai shi ne.

An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Nan da nan masu shawara suka taru. Ɗan ƙanwarsa, wanda yake taya shi aikin lambu, ya ce, "Kawu, injin nan ya gama yayinsa. A kira Yaya a Kano ya aiko da sabo." Wani maƙwabci ya ce batir ne ya mutu. Wani saurayi mai haɗa wutar gidaje ya zo, ya saurari gurnanin daga tsaye, ya yanke hukunci cewa kwayil ne ya ƙone, sai an kai injin Katsina an sake naɗa shi, aikin mako guda. Kafin a kai ga haka, aka canza makunni, aka canza fis, aka ari batirin wani aka gwada. Kowane gwaji ya ci kuɗi ko ya ci lokaci, kuma babu wanda ya sauya komai, domin babu wanda aka yi shi bisa wata hujja.

Kwana biyu suka wuce a haka. Tumatir yana tsakiyar fure, lokacin da ya fi bukatar ruwa, ga rana tana dukan ƙasa tun daga hantsi. Yaran gida suka koma jan guga, amma abin da hannu zai ɗauka bai isa sulusin lambun ba. Ganye ya yi laushi ya sunkuya, fure ya fara zubewa. A dare na biyu dattijon bai runtsa ba. Ya san idan ya kira ɗansa zai aiko da kuɗin, ya kuma san yaron bai gama farfaɗowa daga ɗawainiyar sola ba, ga nasa iyali. Ya san idan ya jira mako guda, busasshen kara zai shayar. Abin da ya fi damunsa shi ne, ko da sabon injin ya zo, bai san abin da ya kashe na farko ba, balle ya tabbata ba zai kashe na biyun ba. Wannan tunani ne ya sa da gari ya waye ya aika Dutsin-Ma a ɗauko wani tsohon mai gyaran injunan ruwa, wanda manoman bakin Zobe suka daɗe suna yabawa.

Tambaya Kafin Taɓawa

Mai gyaran ya iso da hantsi a kan babur, yana goye da yaronsa mai rungume da jakar kayan aiki. Bayan gaisuwa, bai nufi injin ba. Ya nemi inuwa ya zauna.

"Alhaji, kafin ya tsaya gaba ɗaya, me ya fara yi?"

Dattijon ya ba shi labarin ɗaukewa da tashi.

"Idan ya ɗauke, ka taɓa jikinsa?"

"Na taɓa, Malam. Hannu ba ya iya daɗewa a kai."

"Ka ji ƙauri, ko ka ga hayaƙi?"

"Ban ji ba, ban gani ba."

"Ruwan fa, yana zuwa da ƙarfinsa har ranar ƙarshe?"

"A'a, ya yi sanyi, yana ta tari."

Mai gyaran ya dubi yaronsa ya ce, "Ka ji ko? Ciwo biyu ne." Sannan ya bayyana cewa kowane famfo mai aiki da lantarki gida biyu ne a haɗe: gidan wuta, inda moto yake juyawa, da gidan ruwa, inda farfela take tura ruwa. Kunne kaɗai ya isa ya nuna gidan da za a fara shiga. Idan an kunna inji ya yi tsit, wuta ce ba ta iso ba, sai a bi hanyarta tun daga tushe. Idan ya yi gurnani bai juya ba, wuta ta iso, amma ko dai wani abu ya riƙe farfela, ko abin da ke tayar da moton ya mutu. Idan kuwa yana juyawa lafiya amma babu ruwa, to a koma gidan ruwa. Gurnanin ya riga ya wanke makunni da fis daga zargi tun ranar farko, da an saurare shi da kunnen basira.

Gidan Wuta

Duk da haka ya fara daga tushe, domin a cewarsa gani ya kori ji. Ya sa yaro ya goge ƙurar hunturu da ta lulluɓe farantan sola, tun da ƙura tana rage wutar da suke samarwa. Ya sa mitarsa a bakin inbata, ta nuna bolt 228, wanda ya yi daidai da ma'aunin wutar Nijeriya, wato bolt 230. Ya je bakin rijiya ya sake aunawa alhali injin yana kashe, adadin bai sauya ba. Sannan ya cire wayar daga wuta baki ɗaya, ya tsane hannunsa, ya buɗe murfin bayan moto ya juya fankar da yatsa. Ta juya sumul babu gargada. Ke nan yashi bai cushe farfela ba, boris bai cije ba.

Saura zargi biyu: kwayil da kafasita. Ya sunsuna cikin moton, babu ƙaurin da ƙonannen naɗi yake bari. Ya auna naɗin biyu da ke ciki, kowanne ya nuna a haɗe yake bai tsinke ba. Ya auna tsakanin naɗin da ƙarfen jikin injin, mita ta nuna babu hanyar da wuta za ta bi ta shiga jikin. Kwayil lafiyarsa ƙalau; da an kai shi Katsina, da an warware lafiyayyen naɗi an biya kuɗi an mayar da wani. Sai ya buɗe ɗan akwatin da ke saman moton ya fito da kafasita, wani farin abu mai kama da ƙaramin gwangwani. Ya haɗa ƙafafunta biyu da bakin sukudireba mai mariƙin roba don ya zubar da ragowar wutar da ta riƙe, domin takan ja mutum ko bayan an kashe inji. Kanta ya kumbura, gefenta ya tsage.

Dattijon ya tambaya yadda wannan ɗan abu zai durƙusar da inji sukutum. Mai gyaran ya ce, "Alhaji, ka san lugude. Mata biyu a turmi ɗaya, idan wannan ta ɗaga waccan ta sauke, daka na tafiya. Idan suka sauke taɓare lokaci guda, sai karo." Naɗi biyun da ke cikin moto haka suke. Aikin kafasita shi ne ta sa wutar ɗaya ta riga ta ɗayan da ɗan taƙi, sai jan maganaɗisun da suke haifarwa ya riƙa zagayawa, sandar moton ta bi shi. Idan ta mutu, jan yakan tsaya wuri ɗaya yana kai da komo, sandar ta rasa ɓangaren da za ta bi, sai gurnani da zafi. Wanda ya ci gaba da kunna inji a wannan hali shi ne yake ƙona kwayil da hannunsa. Ya ɗauko sabuwa daga jakarsa, ya gwada lambar da ke jikinta da ta tsohuwar, maikurofarad 20, ya ɗaura. Kuɗinta bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin sabon inji ba. Ya kwance ɗan murfin saman gidan ruwa ya ɗura ruwa har ya cika, aka kunna, moto ya tashi, ruwa ya feso.

Yara suka yi sowa, amma mai gyaran ya sake ɗora mitarsa a kan wayar alhali injin yana aiki. Wannan karon ta nuna 196. Ya bi wayar da ƙafa tun daga rijiya har zaure. Siririya ce, irin wadda ake ja wa ƙwan fitila, kuma a wuri biyu an yi mata ƙari an naɗe da leda, ƙarin ya yi baƙi. Siririyar waya mai tsawo tana cinye wani kaso na wutar da ke bi ta cikinta, amma ba a ganin haka sai inji yana ja, kamar yadda ba a sanin raunin jaki sai an ɗora masa kaya. Moton da bai sami cikakkiyar wuta ba yakan ƙara ja don ya cika aikinsa, sai ya yi zafi, sai wani ɗan makunni da aka ɓoye a cikinsa don kariya ya yanke wutar, idan ya huce ya mayar. Wannan shi ne ɗaukewa da tashin da aka yi ta gani. Zafin nan, haɗe da ranar da ke dukan injin a fili babu rumfa, shi ya dafa kafasitar. Da an canza ta an tafi, da sabuwar ma ta bi sawun tsohuwar.

Gidan Ruwa

Yana dawowa daga bin wayar ke nan ruwan ya fara tari, ya tsinke. Ya yi wuf ya kashe injin, domin akwai wani zobe a tsakanin gidajen biyu da ke hana yoyo, ruwa ne yake sanyaya shi, idan inji ya juya a bushe minti kaɗan ya ishe shi ya lalace.

Farfelar irin wannan famfo tana aiki ne idan gidanta da tiyon da ya sauka cikin rijiya suna cike da ruwa. Da iska ta sami ƙofa, shi ke nan. Ya sake ɗura ruwa ya tsaya yana kallo, sai ruwan ya riƙa sauka yana ɓacewa. Suka jawo tiyon daga rijiya. A ƙarshensa akwai wani murfi da ke barin ruwa ya hau ya hana shi komawa. Tsakuwa ta maƙale a bakinsa ta hana shi rufuwa, rariyar da ke kare shi kuma ta yage. Aka wanke, aka ɗaura sabuwar raga. A wuyan tiyon kuma, inda ya haɗu da injin, rana ta busar da robar ta yi 'yar tsaga, wadda ba ta ɗigar da ruwa amma tana shigar da iska idan inji na ja. Ya yanke wurin, ya sake cusawa, ya ɗaure tamau da tsohon tiyub na babur.

Aka sake gwadawa. Ruwa ya zo, amma siriri, kamar ana rowarsa. A nan ne mai gyaran ya nemi igiya, ya ɗaura mata dutse, ya zura cikin rijiya har ya ji ta taɓa ruwa, ya fito da ita ya auna. Daga inda injin yake zuwa fuskar ruwan mita 8 ne da 'yan kai. Dattijon ya nuna masa wani layin gansakuka da ya bushe, mita 3 sama da nan, inda ruwan yake a ƙarshen damina lokacin da aka kafa injin.

"Alhaji, injinka ba shi da sauran laifi," in ji shi. "Ruwan ne ya yi masa nisa."

Wannan magana tana da tushe a kimiyya. Abin da ake kira zuƙo ruwa, a haƙiƙa turo shi ake yi. Famfo yana rage matsin da ke cikin tiyo ne kawai, sai nauyin iskar sarari da ke danne fuskar ruwan rijiya ya tura shi ya hau. Wannan nauyi yana da iyaka: a gaɓar teku ba ya iya ɗaga ruwa fiye da mita 10 da 'yan kai, komai ƙarfin injin, kuma a tudu irin na ƙasar Katsina yakan ɗan ragu. Idan aka cire abin da gogayyar ruwa da tiyo take ci, abin da ke saura a aikace mita 7 zuwa 8 ne. Famfon zuƙo tsoho ne a duniya, domin Isma'il al-Jazari, injiniyan da ya yi aiki a Diyarbakir ta ƙasar Turkiyya ta yanzu, ya zana irinsa a littafinsa na 1206. Amma dalilin iyakarsa ya daɗe yana ɗaure wa masana kai. Galiliyo na Italiya ya kawo matsalar a littafinsa na 1638, ta bakin wani mai gyaran famfo, sai almajirinsa Toriceli ya warware ta da gwajin da ya yi a 1643. Mai gyaran Dutsin-Ma bai taɓa jin waɗannan sunaye ba, amma igiyarsa ta faɗa masa abin da suka gano.

Mafita biyu ce. Ko a sayi sumo, wato famfon da ake nutsarwa cikin ruwa, wanda yake turowa daga ƙasa don haka wannan iyaka ba ta shafe shi ba, ko a kusantar da injin ga ruwan. Ta farko tana bukatar kuɗin da babu, ta biyu diga da shebur take so. Kafin la'asar samarin gidan sun haƙa rami mai zurfin mita 2 a gefen rijiyar, aka huda wa tiyo hanya, aka sauke injin a kan bulo. Ruwa ya fito da kaurinsa. Washegari aka musanya siririyar wayar da mai kauri, aka yi wa ramin rumfa da zana, wutar bakin injin ta tsaya a 220. Mai gyaran ya ja kunnen dattijon cewa a riƙa auna zurfin ruwan kowane mako, a kashe inji nan take idan ya yi gurnani, a kuma fito da shi daga ramin kafin ruwan farko ya sauka.

Latas ya tafi, furen farko na tumatir ya zube, wanda ya jinkirta tsinka ya kuma rage yawanta. Amma lambun ya rayu. An biya ɗan kasuwa a kashi biyu, yarinya ta yi rajista, ba a kira Kano ba.

Injin Gahawa

Wannan tsari na bin sawu bai tsaya ga famfon rijiya ba. Bayan 'yan watanni wani malamin jami'a ya kawo wa mai gyaran wani ɗan inji da ya sayo a ƙasar waje, na haɗa gahawar da Italiyawa ke kira esfureso. Tsohon bai taɓa ganin irinsa ba. Asalin wannan inji Italiya ne, inda Angelo Moriondo ya yi rajistar ƙirarsa a birnin Turin a 1884, kuma a 1961 kamfanin Faema ya fito da samfurin da ya shahara wajen amfani da famfon lantarki. Aikinsa shi ne ya dafa ruwa ya kusa tafasa, tsakanin digiri 90 zuwa 96, sannan ya matsa shi ya ratsa niƙaƙƙiyar gahawa da ƙarfin da ya ninka nauyin iskar sarari sau tara, wato ƙarfin da zai iya tura ruwa sama tsawon kimanin mita 90.

Mai gyaran ya fara da karanta rubutun da ke ƙasan injin, domin kayan da aka yi wa Amurka wutar bolt 120 suke sha, idan aka sa musu ta Nijeriya kai tsaye sai su ƙone. Wannan na bolt 230 ne. Ya tambayi abin da injin ya fara yi. Mai shi ya ce fitila na kamawa, ruwa na zafi, amma gahawar ta riƙa raguwa har ta koma ɗigo, yanzu sai ƙara kawai. Ke nan fis da abin ɗumama ruwa sun kuɓuta, kuma wuta na isa famfo. Ƙarar kuwa mai kaifi ce, irin ta famfon da ke bugun iska. Ya cika tankin, ya buɗe ƙofar tururi don iskar ta sami mafita, ya kunna, ƙarar ta yi laushi, ruwa ya biyo. Dalilin ɗigon kuma da tambaya ya gano shi, da ya ji cewa ruwan burtsatse ake zuba masa. Duk mai shayi ya san farin ɓawon da wani ruwan ke bari a gindin tukunya. Shi ne ya toshe siraran hanyoyin injin. Aka bi su da ruwan tsamin lemo, aka ɗauraye sau da yawa, inji ya dawo aiki. Yaron ya ce, "Baba, ashe ka san wannan ma?" Tsohon ya ce, "Ban san shi ba. Na dai san yana da gidan wuta da gidan ruwa."

Jerin Aiki

Abin lura a aikin wannan tsoho shi ne jerin da yake bi, wanda ba ya tsallakewa ko da ya riga ya zargi wani wuri. Yakan fara da tambayar mai kaya, domin tarihin matsala yana bakin wanda ya zauna da ita. Sannan ya raba injin gida-gida, ya fitar da lafiyayyen gida daga lissafi da hujja. Yakan gwada mai sauƙi da araha kafin mai wuya da tsada, kuma ba ya canza abu biyu a lokaci guda, don kada ya rasa sanin wanda ya yi maganin. Idan ya sami abin da ya lalace, yakan sake neman abin da ya lalata shi, domin ruwa ba ya tsami banza: bayan kafasita akwai waya, bayan tiyo akwai rani. Saurayin da ya ce kwayil ne ya san sunayen kayan duka. Abin da ya rasa shi ne haƙurin aunawa kafin furtawa.

Tun daga 2023 farantan sola da famfunan lantarki suna ƙara yawa a lambuna da gidajen ƙauyukan Katsina, kuma kowannensu wata rana zai tsaya. Ba kowane ƙauye ne yake da tsohon da za a ɗauko a babur ba. Amma yawancin abin da ya yi a Tamawa bai bukaci komai ba sai kunne da hanci da igiya da 'yar mita, da kuma tambayoyi huɗun da ya yi kafin ya taɓa komai. Yaronsa ya fara rubuta irin waɗannan tambayoyi a bayan wani tsohon littafin makaranta, kuma a ranin da ya biyo baya shi kaɗai aka tura ya duba injuna biyu a Kurfi.